Kwamfutar Yaya Ba Ta Jin TCP

Litinin, da safe

Na buɗe shago da kaina. Ashe ƙofar ƙasa sai an ɗan ja ta kafin makulli ya murɗu. Duk shekarun nan ina zuwa in tarar da ita a buɗe, ban taɓa sani ba.

Na kunna fitilu, na kunna rumbu, na kunna kwamfutar Yaya. Ba wanda zai yi aiki a kanta yau. Na dai kunna.

Rumbu muke kiran babbar kwamfutar da ke riƙe da duk aikin shagon nan: littattafan da muke tsara wa mutane kafin a kai ɗab'i, da bangunansu, da hotunansu. Tsohon rumbun ya daɗe yana ƙara kamar mai tauna tsakuwa, shi ya sa Yaya ya sayo sabo. Yana nan ƙarƙashin teburina a cikin kwalinsa. Ranar Talatar da ta wuce ya ce mini, "Auta, Litinin ma zauna mu haɗa shi, akwai abin da nake so mu yanke tare." Washegari Laraba ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti.

Yau ce Litinin ɗin.

Dogo, mai tsara mana shafuka, ya tambaye ni jikin Maigida, wato Yaya. Na ce da sauƙi. Malama, mai gyaran rubutu, ba ta tambaya ba. Ta je asibitin da kanta jiya, ta gani da idonta.

Litinin, da yamma

Na je. Na dawo.

Talata, da rana

Tsohon rumbu ya tsaya cak da hantsi, sai da na kashe na sake kunnawa. Ba sauran jira. Na fito da sabon daga kwali, na haɗa, na kwashe fayiloli zuwa cikinsa. Komai ya tafi daidai har na iso wurin mai kulle, inda aka tambaye ni ta wace hanya zai riƙa karɓar saƙo: UDP, ko TCP, ko duka biyun.

Na san wannan ne abin da Yaya yake so mu yanke. Bari in rubuta abin da na sani, in ga ko na sani ɗin.

Mai kulle wata 'yar manhaja ce a cikin rumbu. Aikinsa ɗaya ne: kada mutum biyu su yi rubutu a fayil ɗaya lokaci guda. Idan Dogo ya buɗe babi na uku, kwamfutarsa ta aika ta ce na riƙe. In Malama ta zo buɗewa, a ce mata yana hannun wani, ta jira. In ya gama, kwamfutarsa ta aika ta ce na saki. Shi ke nan.

Saƙon nan ne yake da hanya biyu. UDP kamar ka tsaya a bakin ƙofa ka jefa takarda cikin gida ka juya. Ba ta ɓata lokaci, amma in iska ta ɗauke takardar ba wanda ya sani, sai an ji shiru a sake jefa wata. TCP kuwa sai ta yi sallama, an amsa, ta miƙa hannu da hannu, ta tsaya har a ce an karɓa.

In duk kwamfutoci suna ɗaki ɗaya a kan kebul, UDP ba ta da laifi. Haka muka yi shekaru. Amma watan jiya muka karɓi ɗakin baya, can ƙetaren baranda, saboda injin yanka takarda ya cinye rabin na gaba. Dogo da Malama suna can yanzu, kuma wayales ne ya haɗa su da mu, ta cikin bango biyu.

Na gwada TCP kaɗai. Kowa ya shiga lafiya, ban da kwamfutar Yaya. Tana ganin fayil, tana buɗewa, amma ba ta iya ajiye komai a rumbu, don ba ta samun kulle. Ba ta jin TCP. UDP kaɗai ta sani.

Na zaɓi duka biyun. Na ce na ɗan lokaci ne.

Laraba, da safe

Laraba ta zagayo. Na kunna kwamfutar Yaya.

Laraba, da rana

Na kira injiniyan da ya sayar wa Yaya sabon rumbu. Yana cikin mota, ina jin hon.

"UDP a kan wayales? Malam, rufe ta kawai ka huta."

Na ce akwai kwamfuta ɗaya da ba ta jin wata hanyar.

"Sabunta ta mana."

Na ce ba ta sabuntuwa. Manhajar da mai ita yake zana bangon littafi da ita tsohuwa ce, ba ta hawa sabon tsari, shi kuma ba ya taɓa wata. Mun sha yi da shi a kan wannan.

"Shekararta nawa, kwamfutar?"

Na ce ta girmi babbar 'yata.

Ya yi dariya. "To ai ta isa ritaya. A bar yara su yi aiki."

Bai san komai ba, ban gaya masa ba. Na yi masa godiya na kashe waya. Na daɗe kafin in tuna abin da nake yi kafin in kira shi.

Juma'a, da hantsi

Anti, matar Yaya, ta biyo ɗaukar masa tabaransa na karatu. Ta rame a fuska. Ta tsaya a gefen teburinsa, ta ga allon kwamfutar a kunne, da bangon littafin lissafin nan da ya bari rabi.

"Kai ka kunna?"

Na ce ni ne.

"Ka kyauta, Auta." Ta shafa bayan kujerar. "Likita ya ce a ba shi abin da zai sa ransa a kai, shi ke sa su tashi da wuri. Na ce masa komai yana nan yadda ya bari. Na ce ka ga kwamfutarka ma, ko ƙura Auta bai bari ta hau ba, ranar da ka dawo zama kawai za ka yi ka ci gaba. Ka ga yadda ya kalle ni?"

Na ce haka ne, komai yana nan.

Da za ta fita ta juyo. "Kai kuma ka riƙa cin abinci. Kun ishe ni, ku biyun, kamar haɗin baki."

Ranar Talata da na zaɓi duka biyun ban san dalilina sosai ba. Yanzu an ba ni dalili, na karɓa hannu biyu. Ban sani ba ko hakan daidai ne.

Asabar, da yamma

Na je. Ya gane ni. Na dawo.

Litinin, da rana

An ɗauke wuta da safe, aka dawo da ita ba da jimawa ba. Daga nan rigima ta tashi a ɗakin baya. Ina zaune na jiyo Dogo.

"Malama, don Allah saki babi na huɗu."

"Ni da nake shan shayi? Hannuna biyu suna kan kofi."

"To an ce yana hannun wani."

"Duba hannunka, Dogo. Yana da tsawo, wataƙila ya kai can ba ka sani ba."

Na je na duba. Babin ba ya hannun kowa. Malama ta rufe shi tun ɗazu, saƙon na saki ne ya ɓata a hanya, rumbu yana nan yana jira. Hanyar da na sani ta warware kulle ɗaya ce: kowa ya ajiye aikinsa, ya rufe, in kashe mai kulle in sake tayar da shi. Na yi. Bayan azahar na sake yi.

Na gano dalili, ko ina jin na gano. In wuta ta dawo, kwamfutocin baya suna riga rumbu tashi. Su ƙwanƙwasa ta TCP, ba a amsa ba tukuna, sai su zagaya ta UDP tunda ƙofar a buɗe take, su zauna a can har yamma. Da ƙofar a rufe take da sun jira.

Dogo ya ce, "Ƙaramin Maigida, rufe ƙofar mana."

Na ce ina dubawa.

Talata, da yamma

Na wuni ina neman inda zan hana kwamfutocin baya bin UDP daga can wurinsu. A tawa na samu, layi ɗaya ne. Nasu wani iri ne daban, ban ga wurin ba. Na bi duk abin da na samu a intanet, rabi ban gane Turancinsa ba, rabi na wani tsarin ne. Na sake kiran injiniya, ya ce shi ma bai taɓa gani ba a irinsu, kuma me ya sa nake wahalar da kaina.

Wataƙila akwai hanya, ni ne ban sani ba. Sakandare na gama, sauran duk a bayan kafaɗar Yaya na koya, yana yi ina kallo. Akwai abubuwan da na iya yi ban san dalilinsu ba. Akwai waɗanda na san dalilinsu ban taɓa yi ni kaɗai ba.

Laraba, da hantsi

In aka ja kebul zuwa ɗakin baya, saƙo ba zai ɓata ba, ko da UDP ce. Na sami mai ginin da maganar huda bango. Ya saurare ni har na gama, ya ce ginin nan ba a huda shi, ko uban da ya haife shi ne ya zo haya.

Na shimfiɗa kebul a ƙasa ta baranda, na bi shi da salatif. Ya yi kyau. Na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya yi shuka.

Laraba, da yamma

Tela na kusa da mu ya sa an jawo masa sabon keke ta barandar. Kebul ya rabu biyu. Ya ba ni haƙuri, na ba shi haƙuri. Ya ce dama ɗazu wata mai kawo ɗinki ta kusa kifewa a kansa.

Alhamis, da safe

Muna karyawa, uwar yara ta ajiye mini kofi ta ce, "TCP ɗin nan ka yi mini bayaninsa har na iya. Sallama, a amsa, a miƙa hannu da hannu. Abin da ba ka gaya mini ba shi ne me likita ya ce."

Na ce ya ce a ci gaba da gashi da motsa jiki.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce zan makara.

Alhamis, da rana

Malama ta zo da nata maganin. Ta tara marafan kwalba, ta rubuta lambar babi a kan kowanne da jan biro, ta zuba a faranti a tsakanin teburinsu. Wanda zai buɗe babi ya ɗauki murfinsa ya ajiye a gabansa, in ya gama ya mayar.

"Ga mai kulle," in ji ta. "Ba ya son wuta, ba ya son wayales."

Dogo ya ce saura a yi masa rajista a kai kasuwa.

Na yi dariya tare da su, amma na ji kunya. Aikina ne ake yi da marafan kwalba. Kuma bai hana kullen rumbu maƙalewa ba, ya dai hana su zargin juna.

Asabar, da rana

Babi na shida ya ɓata. Mun duba ƙarƙashin tebura, mun zazzage kwandon shara. Can Dogo ya ɗaga gorar ruwansa zai sha, Malama ta ce, "Tsaya." Shida ne a kan murfin, da jan biro.

Lahadi, da yamma

An sallamo Yaya. Yana falo, a kujerar da ke kusa da taga, an ɗora masa hannun dama a kan matashi. Maganar tana fitowa, sai dai sai an jira ta. Anti ta ce kada a ƙarasa masa, a bar shi ya kai da kansa. Na jira.

"In... jin?"

Injin yake ce wa kwamfutarsa tun da.

Na ce lafiya lau take, kullum ina kunnawa.

Ya gyaɗa kai. Ban yi ƙarya ba. Na maimaita wa kaina haka a hanya.

Talata, da rana

Tsohon hedimastan nan mai littafin lissafi ya zo da gwajin bugun littafin da muka ba shi ranar Asabar. Littafinsa ne babban aikin da ke hannunmu, kuma yana so ya fito kafin a koma makaranta. Ya zauna, ya tambayi jikin Yaya a nutse, ya yi addu'a. Sannan ya buɗe babi na takwas ya juyo mini da shi.

"Ɗana, bakwai sau takwas nawa ne?"

Na ce hamsin da shida.

"Madalla. Littafina ya ce hamsin da huɗu. Na gyara wannan da hannuna, na ba Malama, na ga ta shigar. Yanzu ya dawo, shi da 'yan uwansa." Ya buɗe shafi bayan shafi, duk ya ja layi da fensir. "Yaro in ya ga abu a littafi, ya fi yarda da shi a kan malaminsa. Ka gane?"

Na ce na gane.

"Ni da yayanka mun daɗe. Ba zan yi muku tsiya a irin wannan lokaci ba. Amma in ba za ku iya ba ku gaya mini tun da sauran kwana, in kai wani wuri. Ba abin kunya ba ne."

Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa.

Bayan ya tafi na bi sawu. Ranar da aka yi ta ɗauke wuta, kulle ya maƙale a babi na takwas, ni kuma na fita sayen kebul. Dogo bai so ya zauna haka ba, sai ya kwafi babin ya ci gaba da tsara shafuka a kan kwafin. Daga baya Malama ta shigar da gyaranta a na asalin. Aka haɗa littafi da kwafin Dogo. Na ga fayilolin jere: takwas, takwas sabo, takwas na ƙarshe, takwas na ƙarshe sosai. Ba takwas kaɗai ba ma.

Dogo ya sha jinin jikinsa, ya ce laifinsa ne. Na ce ba nasa ba ne. An hana mutum aiki, ya nemi hanya.

Talata, da yamma

Dogo ya tashi. Malama ta tsaya tana jera shafukan babi biyun gefe da gefe, tana bi da yatsa. Sai ta bi duk gyaran da ido ta sake shigarwa, layi bayan layi. Tun shagon nan yana tebur biyu take tare da Yaya. Ita ta koya mini inda ake sa waƙafi.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, zauna."

Na zauna.

"Injiniya ya ce ka rufe. Dogo ya ce ka rufe. Kai ma ka san a rufe ɗin ne."

Na ce in na rufe, injin Yaya ya fita daga shagon ke nan. Zai zauna a kan tebur kamar akwati. Kuma Anti ta riga ta gaya masa.

"Na sani. Ina nan ta faɗa." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ma ina so ya dawo. Amma ina so ya dawo ya tarar da shago."

Ta mayar da tabarau ta ci gaba da bin layi.

Laraba, da rana

Kulle ya maƙale. Na warware. Ya sake. Na warware.

Alhamis, da yamma

Na yi niyyar tambayarsa, tunda shi ya ce mu yanke tare. Na tsara maganar a hanya. Na tarar mai motsa jiki yana nan, yana sa shi ya ɗauki cokali daga tire ya ajiye. Na tsaya daga bakin ƙofa. Cokalin ya faɗi. Ya sake. Ya faɗi. Yaya bai ga na zo ba, na gode Allah da bai gani ba.

Na gaida Anti a kicin na dawo.

Juma'a, da sassafe

Na riga kowa zuwa. Na kwashe duk bangunan da ke cikin injin Yaya na ajiye a rumbu, na sake ajiye wani kwafin a faifai daban. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya don in tabbata sun kwafu. Na san yawancinsu. Akwai na littafin farko da muka yi, mai kore, wanda muka kai ɗab'i da kuskure a sunan marubucin.

Sannan na buɗe saitin mai kulle. Layi ɗaya ne. Na goge UDP, na bar TCP. Na karanta, na sake karantawa, na ajiye, na tayar da shi.

Na je teburin Yaya na gwada ajiye abu. Ta ce ba ta sami kulle ba.

Na cire wutar ɗakin baya da gangan, na mayar, in ga abin da za su yi. Sun ƙwanƙwasa, sun jira, aka amsa musu, suka shiga.

Da Malama ta zo ta dubi fuskata, ta dubi teburin Yaya, ta ce, "Ka sha shayi?" Na ce a'a. Ta haɗa mini.

Litinin, da yamma

An ɗauke wuta sau da yawa yau. Ba wanda ya kira ni daga ɗakin baya.

Laraba, da rana

Dogo ya ƙarasa bangon littafin lissafi a tasa kwamfutar, ya bi abin da Yaya ya fara. Bai yi kama da hannun Yaya sosai ba. Bai yi muni ba.

Juma'a, da rana

Hedimasta ya zauna da fensirinsa tun hantsi. Bai ja layi ko ɗaya ba. Ya sa hannu, littafi ya tafi ɗab'i.

Ya kamata in ji daɗi. Ina jin na ji, kaɗan.

Asabar, da yamma

Na fara gaya wa Anti, a bakin ƙofar kicin. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

"Ka mai da ni maƙaryaciya ke nan."

Na ce a lokacin da ta faɗa gaskiya ne.

"Jiya ma na faɗa masa, Auta. Jiya da rana." Muryarta ba ta tashi ba. "Mako guda kana sane, kana zuwa kana cin abincina."

Na ce na kasa ne.

"To kar ka gaya masa. Ka bari sai ya ƙara ƙarfi."

Na ce in ya zo ya zauna ya gano da kansa a gaban Dogo da Malama, ya fi muni. Ta kalle ni ta daɗe. Sannan ta ɗauki wuƙarta ta juya mini baya. "Yayanka ne. Je ka."

Yana wurin taga. Na jawo kujera na zauna ta gefen hagunsa. Na fara tun daga ɗakin baya da bango biyu, da yadda suke riga rumbu tashi, da mai ginin, da keken tela, da bakwai sau takwas. Na yi tsawo, na sani. In na tsorata bayani nake yi. Daga ƙarshe na ce na rufe UDP, injinsa ba ya iya ajiye komai a rumbu yanzu, kuma na yanke ni kaɗai ban jira shi ba.

Yana kallon waje, inda wani yake wanke mota. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Na san wannan fuskar tun ina yaro, in ta zo ana neman hanyar fita ne. Na zauna.

"Litta... fin."

Na ce ya tafi ɗab'i jiya.

"Bangon."

Na ce Dogo ya ƙarasa.

Ya ja tsaki, rabin tsaki, gefe ɗaya. Anti tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ba ta shigo ba.

Mai wanke motar ya gama ya kwashe bokitinsa. Na fara tunanin ko in tashi. Sai ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa da ke kan matashi. Tun da abin ya faru ban taɓa ganin ya dube shi a gaban mutane ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Irin... ta Dogo." Ya tsaya. Na jira, ban ƙarasa masa ba. "Da hannu... ɗaya. Ana... iyawa?"

Anti ta koma kicin da sauri.

Na ce ban sani ba, Yaya. Na ce zan bincika.

"Bin... cika," ya ce. Ya mayar da kansa taga.

Litinin, da rana

Na ce wa Dogo ya ba ni aron kwamfutarsa zuwa azahar, ya koma tawa. Na mayar da linzamin kwamfutar gefen hagu, na sa hannun dama a aljihu, na buɗe sabon bango.

Dogo ya leƙo ɗaukar gorarsa, ya buɗe baki zai yi magana. Ya dubi aljihuna. Ya ɗauki gorar ya fita.

Layin farko ya karkace, na biyu ma. Akwai abubuwan da sai an danna maɓalli biyu lokaci guda, na samo inda ake saita su a bi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa hannun ya fito daga aljihu da kansa, na mayar da shi. Kafin azahar na yi bango guda, mai sauƙi, da suna a tsakiya. Malama ta ce sunan ya ɗan hau sama. Na sauko da shi.

Ana iyawa. A hankali ne, amma ana iyawa. Da yamma zan je in gaya masa.